Hannun Mary Kubicek: nazarin aikin mataimakiyar bincike a ɗakin gwajin sankara na Baltimore

A watan Fabrairun 1951 aka kawo wasu 'yan yankan nama guda biyu ɗakin gwaje-gwajen Dakta George Gey a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, a Amurka. Daga bakin mahaifar wata mata aka yanko su, ɗaya daga kan ƙarin sankara, ɗayan daga gefen da yake lafiya lau. Sunan matar Henrietta Lacks, baƙar fata, mai shekara 30, uwar 'ya'ya biyar, wadda ta tashi a gonakin taba na garin Clover a jihar Virginia. Wadda aka miƙa wa naman ta yi aiki a kansa kuwa wata budurwa ce mai shekara 21, Mary Kubicek, mataimakiyar bincike. Ita ce ta yanka shi, ta shuka shi a cikin bututun gilashi, ta rubuta haruffa huɗu a jikin kowane bututu: HeLa.

Labarin Henrietta ya zaga duniya, kuma ya cancanci hakan. Wannan nazari ya karkata ne ga teburin da Mary ta zauna, domin abin da ya faru a kansa, da abin da ya biyo baya a kan ɗaruruwan tebura irinsa cikin shekara 15, ya nuna inda ake yanke hukuncin ko binciken sankara gaskiya ne ko ɓata lokaci. Ana yanke shi ne a hannun mai ciyar da ƙwayoyin halitta da mai rubuta suna a jikin kwalba, tun kafin farfesa ya ɗauki alƙalami.

Ɗakin da mutanen cikinsa

George Gey da matarsa Margaret sun shafe shekaru masu yawa suna neman abu guda: su raya ƙwayoyin jikin ɗan Adam a wajen jiki, su yi ta hayayyafa ba tare da sun mutu ba. Buƙatar a bayyane take. Ba za ka gwada guba a jikin mai rai don ka ga yadda sankara ke amsawa ba, amma idan kana da ƙwayoyinta a kwalba, yau da gobe da baɗi iri ɗaya, to ka samu abin gwaji. A 1943 Wilton Earle ya yi nasarar haka da ƙwayoyin ɓera. Na mutum kuwa sun ƙi. A kawo nama daga ɗakin tiyata, ya ɗan yi kwanaki ko makonni, ya mutu.

Gey mutum ne mai aikin hannu. Yawancin kayan ɗakin shi ya ƙera su daga ƙarafan da yake tsintowa a wurin 'yan gwangwan. Cikinsu har da wata ganga mai ramuka da ake jera bututun gilashi a ciki, tana juyawa a hankali dare da rana, domin ruwan abincin ya riƙa wanke ƙwayoyin yana wucewa, yadda jini ke yi a jiki. Shi kansa ruwan abincin ba a kasuwa ake sayensa ba a wancan zamani. Haɗa shi ake yi daga ruwan jinin kaza, da markaɗaɗɗen ɗan tayin saniya da ake samowa daga mayanka, da jinin igiyar cibiya daga ɗakin haihuwa, da gishirori. Duk wannan abinci ne mai daɗi ga ƙwayoyin mutum, kuma ya fi daɗi ga bakteriya da fumfuna. Ƙwayar bakteriya ɗaya ta faɗa ciki daga numfashi ko daga yatsa, kafin gari ya waye ruwan ya gurɓace, aikin makonni ya tafi.

A nan ne Margaret Gey ta shigo. Ma'aikaciyar jinya ce da ta samu horo a ɗakin tiyata, kuma tsarin tsabtar tiyata ta ɗora wa ɗakin. Akwai ma'aikaciyar da ba ta da wani aiki sai wanke gilashi, Margaret kuma tana bin bayanta tana ɗaga kowane bututu a haske. Ana aiki ne a cikin wasu ƙananan ɗakuna da ake rufewa a feshe su da tururi kafin a shiga. Mai shiga sai ta sa riga da hula da takunkumi. A ganina duk wanda ya ba da labarin HeLa ya tsallake Margaret ya bar rabin labarin, saboda ƙwayoyin da suka fi kowane ƙarfi a duniya ma ba za su kai kwana uku ba a ƙazamin bututu.

Mary ta zo ɗakin da digirinta na ilimin yadda jiki ke aiki, kuma a hannun Margaret ta koyi sana'ar. An ce hannayenta ne suka ja hankalin Gey har ya ba ta aikin yanka, don ya ga ba sa rawa.

Abin da ta yi ranar

Lokacin da naman ya iso Mary ba ta ɗauka zai yi wani abu ba, kamar yadda ta faɗa daga baya. Likitan mata Richard TeLinde, wanda ke binciken yadda sankarar bakin mahaifa ke somawa, ya daɗe yana sa a aiko musu da irin wannan nama, kuma duk mutuwa yake yi. Amma rashin sa rai bai sa ta rage ko mataki ɗaya ba, kuma wannan shi ne abu na farko da ya kamata a lura da shi a lamarin.

Ta shiga ƙaramin ɗakin, ta kunna wutar gas da ake ƙona bakin kayan aiki da ita. Ta riƙe naman da hantsaki, ta yayyanka shi da wuƙar tiyata ƙanana-ƙanana, kowane kamar milimita ɗaya. Ta ɗiga ruwan jinin kaza a gindin kowane bututu ya daskare, ta ɗora gutsuren nama a kai don ya samu wurin kamawa, ta zuba ɗigon ruwan abinci, ta toshe da roba. Na ƙarin daban, na lafiyayyen gefen daban. Al'adar ɗakin ita ce a ɗauki haruffa biyu na farkon sunan majinyaci da biyu na sunan mahaifi ko miji, shi ya sa Henrietta Lacks ta zama HeLa. Daga nan ta kai su ɗakin ɗumi ta jera a gangar.

Kowace safiya sai ta duba. Bayan 'yan kwanaki ta ga wani farin zobe ya kewaye gutsuren da ke wasu bututun, alamar ƙwayoyi sun fara fitowa suna bazuwa a jikin gilashi. Wannan ma ba sabon abu ba ne, wasu sun taɓa yin haka kafin su mutu. Bambancin shi ne waɗannan ba su tsaya ba. Kusan duk awa 24 sai yawansu ya ninka. Idan suka cika bututu dole ta raba su ta yi dashe a sababbi, waɗannan ma su cika. Ƙwayoyin lafiyayyen gefen kuwa suka mutu cikin kwanaki kaɗan.

Wannan bututu na biyu, wanda ya mutu, yana da daraja irin ta na farko. Mace ɗaya, rana ɗaya, ruwan abinci ɗaya, hannu ɗaya, amma ɗaya ya rayu ɗaya ya mutu. Da Mary ta haɗa su a wuri guda, ko ta rikita rubutun, da babu mai iya cewa ƙarfin daga sankarar yake. A 1952 aka buga taƙaitaccen rahoton aikin a mujallar Cancer Research da sunaye uku: Gey, Coffman, Kubicek.

Dalilin wannan ƙarfi sai bayan shekaru aka gano shi. A 1961 Leonard Hayflick ya nuna cewa lafiyayyun ƙwayoyin mutum suna rabuwa ne kamar sau 50 su tsaya. Na HeLa sun tsallake wannan iyaka. A shekarun 1980 ɗakin binciken Harald zur Hausen na Jamus ya gano cewa bairos ɗin HPV nau'i na 18 ya cusa DNA ɗinsa a cikin nasu, yana kashe sunadaran da ke taka wa ƙwaya birki. Aikinsa kan alaƙar HPV da sankarar bakin mahaifa ne ya ba shi kyautar Nobel a 2008, kuma a kan wannan ilimi aka gina allurar rigakafin da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023.

Matar da ke bayan haruffan

Henrietta ta rasu ranar 4 ga Oktoban 1951 tana da shekara 31, bayan sankarar ta bazu a jikinta duk da maganin radiyom da aka yi mata. Gey ya so a ƙara ɗebo nama daga gawar, sai ya tura Mary wurin binciken gawa da faranten gilashi. Ba ta taɓa ganin gawa ba kafin ranar. Ta ce tana kawar da kai daga fuskar ne idonta ya sauka kan ƙafafun, ta ga jan fenti a faratan yatsun, ya fara ɓamɓarewa. A nan ne ya faɗo mata cewa abin da ta yi wata takwas tana ciyarwa daga jikin mace ya fito, macen da ta zauna wata rana ta yi wa ƙafarta kwalliya.

Ba wanda ya nemi izinin Henrietta kafin a yanki naman. Ta sa hannu a takardar amincewa da tiyata, amma ba a gaya mata za a kai wani abu ɗakin bincike ba. Babu dokar da ta wajabta hakan a lokacin, kuma Johns Hopkins, duk da yana cikin 'yan asibitocin yankin da ke karɓar baƙar fata, a keɓantattun ɗakuna yake kwantar da su. Shin Mary tana da laifi a nan? Ni ban ga nata ba. Ba ita ta yanko naman daga jikin Henrietta ba, ba ita ta tsara yadda ake karɓo nama ba, kuma 'yar shekara 21 ba ta da bakin tambayar shugaban sashe. Amma lamarin ya tona wani abu game da yadda aka gina aikin: an shirya shi ta yadda mai riƙe da naman ba za ta taɓa haɗuwa da mai shi ba. Haruffa huɗu kawai take gani. Har shekaru kusan 20 jaridu suna kiran matar Helen Lane, sai a 1971, bayan rasuwar Gey, abokan aikinsa suka buga sunanta na gaskiya.

Daga Baltimore zuwa ko'ina

Gey bai sayar da HeLa ba, kyauta ya riƙa rabawa duk mai so. Da aka gano bairos ɗin shan inna yana kama su yana kashe su a fili, sai suka zama hanya mai sauƙi ta gwada ko allurar rigakafin shan inna ta Jonas Salk tana aiki. Aka kafa wurin noma su a Cibiyar Tuskegee ta jihar Alabama, inda masana da ma'aikata baƙar fata suka riƙa fitar da bututu kusan 20,000 a mako don babban gwajin 1954. Cikin 'yan shekaru da wuya ka shiga ɗakin raya ƙwayoyi a Amurka ko Turai ka rasa HeLa a ciki.

Sai wani abin mamaki ya biyo baya. Aikin da ya gagari kowa shekara da shekaru ya koma kamar wasa. Wannan ɗaki ya sanar ya raya ƙwayoyin hanta, wancan na hanji, wancan na sankarar maƙogwaro, wancan na sankarar baki. Aka ba su sunaye: Chang, Intestine 407, HEp-2, KB, WISH. Masu bincike suka lura cewa lafiyayyun ƙwayoyi sukan yi ta jan jiki kamar za su mutu, sai kwatsam wata rana su farfaɗo su kama hayayyafa kamar na sankara. Aka ce ai ga sankara nan tana haihuwar kanta a cikin kwalba, idan aka gane yadda hakan ke faruwa an gane asalin cutar. Aka zuba kuɗi da shekaru a kan wannan fata.

A watan Satumban 1966, a wani taro a garin Bedford na jihar Pennsylvania, masanin gado Stanley Gartler ya tashi ya ce ya gwada layukan ƙwayoyi 18 da ake amfani da su, wato zuriyoyin ƙwayoyin da ake ta rayawa a kwalba kowace da sunanta, ya samu dukkansu suna ɗauke da nau'in A na sinadarin G6PD. Wannan nau'i kusan a jikin mutanen da asalinsu Afirka ne kaɗai ake samunsa, alhali da yawa daga layukan an ce daga jikin Turawa aka ɗebo su. WISH, alal misali, Hayflick ya samo shi ne daga jakar ruwan da ta lulluɓe 'yarsa a cikin mahaifa. Gartler ya riga ya tambayi Gey, ya tabbatar masa cewa mai HeLa baƙar fata ce. Ma'anar ita ce babu hanta, babu hanji, babu maƙogwaro. Duk bakin mahaifar Henrietta Lacks ne. Farfaɗowar da ake ta murna da ita ba komai ba ce illa ranar da HeLa ta shiga kwalbar ta mamaye ta, yadda kacalla ke shiga fadama ta kori duk abin da aka shuka.

Yadda ta shiga

Wannan ne sashen da ya fi shafar mai aikin tebur. Ba wata babbar ɓarna ake buƙata ba. A yi amfani da tsinken gilashi ɗaya wajen zuƙo ruwa a ciyar da kwalabe biyu. A ajiye kwalbar ruwan abinci ɗaya don layuka uku, bakin tsinken ya taɓa HeLa ya koma ciki. A buɗe layi biyu a kan tebur a lokaci guda, ɗigo ya fantsama. Rubutun jikin kwalba ya goge, wani ya sake rubutawa da ka. A zamanin ma da baki ake zuƙo ruwan. Ƙwayoyi kaɗan sun isa, domin mai ninkawa kullum zai shafe mai ninkawa sau ɗaya a mako tun ba a yi dashe biyar ba.

Abin da ya sa wannan ya fi gurɓatar bakteriya muni shi ne ba a ganinsa. Bakteriya tana sa ruwa ya yi duhu, kowa ya gani ya zubar. HeLa kuwa a ƙarƙashin madubin likita kamar kowace ƙwayar fatar ciki take. Mafi muni, tana zuwa ne da siffar nasara. Mataimakin da ƙwayoyinsa suka yi wata biyu suna shure-shuren mutuwa, ya zo da safe ya tarar sun cika kwalba, gudu zai yi ya kira maigidansa, shi kuma maigidan ya fara tunanin takardar da zai buga. Babu wanda ke da sha'awar tambayar ko baƙo ne ya shigo.

Saboda haka ban yarda a tattara laifin a ɗora wa masu aikin tebur ba, ko da yake ta hannunsu abin ya bi. Tsabtar da Margaret ta koyar ta yaƙi da bakteriya ce, kuma ta yi aikinta. Ba wanda ya koya wa kowa cewa ƙwayar mutum za ta iya gurɓata ƙwayar mutum. Bayan 1966 kuwa uzurin rashin sani ya ƙare, kuma abin da ya biyo baya na manya ne. Da yawa sun ƙi karɓar maganar Gartler, saboda karɓarta na nufin shekarun aikinsu sun zube. A farkon shekarun 1970, lokacin da gwamnatin shugaban Amurka Nixon ta shelanta yaƙi da sankara, masana Tarayyar Sobiyet suka aiko wa Amurka layuka shida da ake zaton suna ɗauke da bairos mai jawo sankarar mutum. Walter Nelson-Rees, mai kula da wata ma'ajiyar ƙwayoyi a Oakland ta jihar California, ya duba su ya samu duk HeLa ne. Daga 1974 ya shiga buga jerin layukan bogi a mujallar Science, yana ambaton ɗakunan da suka fito. Ya yi baƙin jini sosai a kan haka, kuma a 1981 ya bar aikin kimiyya.

Rikicin ya koma kan iyalan Henrietta ma. A 1973 masu bincike suka je suka ɗebi jinin mijinta da 'ya'yanta don su samu alamomin gado da za su riƙa gane HeLa da su. Iyalan sun ɗauka gwajin sankara ake yi musu. Sai a 2013, bayan wani ɗakin bincike a Heidelberg ya wallafa jerin DNA na HeLa ba tare da tuntuɓarsu ba, hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta ƙulla yarjejeniya da su kan wanda zai iya duba bayanan. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karrama Henrietta, a 2023 kuma kamfanin Thermo Fisher, mai sayar da ƙwayoyin HeLa, ya sasanta da iyalan a ƙarar da suka shigar.

Teburin a yau

Wanda ya kama aikin Mary a yau zai tarar da kaya sun sauya. Ruwan abinci a kwalba yake zuwa daga kamfani, sai a ƙara masa ruwan jinin ɗan tayin saniya, yawanci kashi 10 cikin 100. Ana aiki a cikin akwatin da ke hura tatacciyar iska, ana goge komai da sifirit mai ƙarfin kashi 70. Ƙwayoyin suna kwana a akwatin ɗumi a digiri 37. Waɗanda za a adana ana daskarar da su a ruwan naitirojin, a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Tsinken zuƙo ruwa na roba ne, sau ɗaya ake amfani da shi a jefar.

Ƙa'idojin da aka koya daga masifar HeLa kuwa ba sa cin kuɗi. Layi ɗaya tak ake buɗewa a lokaci guda. Kowane layi da kwalbar ruwan abincinsa, da sunansa a jiki. Ana rubuta suna da kwanan wata da lambar dashe kafin a zuba ƙwayoyi, ba bayan an zuba ba. Layin da aka karɓo kyauta daga maƙwabcin ɗaki ana keɓe shi har sai an gwada. Gwajin kuma ya samu: ana duba wasu gajerun wurare masu maimaituwa a DNA, irin gwajin da ake tabbatar da uban yaro da shi, a kwatanta da ma'ajiyar bayanai. Kuɗinsa bai kai na kwalabe kaɗan na ruwan jinin da ake ciyar da ƙwayoyin ba.

Duk da haka matsalar tana nan. Layin MDA-MB-435 ya yi shekaru ana buga takardu da shi a matsayin sankarar mama, daga baya aka tabbatar na sankarar fata ne daga jikin wani namiji. Kwamitin ƙasa da ƙasa mai tantance layukan ƙwayoyi, ICLAC, wanda aka kafa a 2012, yana da jerin layuka fiye da 500 da sunansu ya saɓa da abin da ke cikinsu. Wani nazari da aka buga a 2017 ya ƙirga takardun bincike sama da 32,000 da aka gina a kan irin waɗannan layuka. Tun 2016 NIH take neman duk mai son tallafinta ya bayyana yadda zai tantance ƙwayoyinsa.

Abin da doka ba ta iya gyarawa shi ne matsayin mataimakin a cikin ɗakin. Shi ne yake kallon ƙwayoyin kowace safiya, shi ne zai fara lura cewa siffarsu ta sauya, ko kwalbar da ke cika a kwana biyar ta koma cika a kwana biyu. Shugaban ɗakin sau da yawa jadawali da hotuna kawai yake gani a taron mako. Idan mataimakin ya san cewa faɗin "ranka ya daɗe, ina shakkar wannan layin" zai jawo masa harara ko a ce shi ya ɓata aiki, shiru zai yi, a ci gaba da zuba magani a kan ƙwayoyin da ba su ba ne. Ɗakin da ya ba shi ikon dakatar da gwaji ya aika samfuri a tantance, ba tare da ya nemi alfarma ba, mako ɗaya ko biyu kawai zai yi asara. HEp-2, wanda Gartler ya tona tun 1966, har yanzu ana samun takardun da ke kiransa sankarar maƙogwaro.